Dariyar Jama'a da Hukuncin Lamiri: Darasi Daga Wani Fim na Ƙasar Sifaniya

Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a bakin mutane duk lokacin da aka tsawata a kan wani abin kallo mai alfasha. Sai ka ji an ce, "Ai wasa ne kawai, kuma kowa yana kallo." Amsar nan tana tsaye a kan ƙafa biyu. Ta farko ita ce, abin da aka yi cikin raha ba ya ɗauke da nauyin zunubi. Ta biyu kuwa ita ce, abin da dubban mutane suka ji daɗinsa ba zai rasa zama daidai ba. Iyaye suna jin wannan amsa daga 'ya'yansu, fastoci suna jin ta daga membobinsu, sau da yawa kuma mutum yakan ba kansa ita cikin zuciya domin ya kwantar da lamirinsa. Ya kamata mu auna ta da natsuwa. Za mu yi haka ta wurin duban abin da ya faru a Sifaniya, ƙasar da Manzo Bulus ya yi marmarin kai bishara cikinta (Romawa 15:24), domin a can al'amarin ya riga ya yi tafiyarsa, muna iya ganin farkonsa da inda ya kai.

Fim ɗin da labarinsa

A shekarar 1970 aka fitar da wani fim na barkwanci a Sifaniya mai suna *No desearás al vecino del quinto*, wato "Kada ka yi sha'awar maƙwabcin da ke hawa na biyar." Wanda ya san Dokoki Goma zai gane nan take inda aka ɗauko sunan. An karkatar da dokar da ta hana mutum ƙyashin matar maƙwabcinsa (Fitowa 20:17) aka mai da ita abin zolaya tun daga allon talla. Ramón Fernández ne ya ba da umarnin fim ɗin, manyan 'yan wasansa kuma su ne Alfredo Landa da wani Bafaranshe mai suna Jean Sorel.

Labarin gajere ne. A garin Toledo akwai wani likitan mata, saurayi kyakkyawa, wanda asibitinsa ya zama kufai domin maza suna kishi, ba su yarda matansu su je wurinsa ba. A bene guda da shi akwai wani mai ɗinkin kayan mata wanda shagonsa kullum cike yake, saboda yana rausaya da magana da tafiya irin ta 'yan daudu, mazan garin kuwa sun saki jiki da shi. Da likitan ya je birnin Madrid sai ya tarar da maƙwabcin nasa a gidan rawa cikin 'yan mata, ya gane ashe duk halin nan rufa-rufa ne, mutumin gwanin neman mata ne. Daga nan barkwancin ya ci gaba a kan yaudara, da kishi, da leƙen jikin mata gwargwadon yadda hukumar tace fina-finai ta lokacin ta ƙyale.

Fiye da mutum miliyan 4 ne suka sayi tikitin kallonsa, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 34 ba a lokacin. An yi shekara talatin ana lissafa shi a matsayin fim ɗin Sifaniya da ya fi kowanne jan 'yan kallo, sai a 2001 wani fim na barkwanci mai suna *Torrente 2* ya wuce shi. Karɓuwarsa ta sa aka yi ta fitar da irinsa, har aka laƙaba wa salon suna *landismo* daga sunan ɗan wasan. Abin lura shi ne, duk wannan ya faru ne a zamanin Janar Faranko, wanda ya mulki ƙasar daga 1939 zuwa rasuwarsa a 1975, lokacin da Katolika ce addinin gwamnati, babu sakin aure a doka, zina kuma laifi ce da kotu ke hukuntawa.

Abin da 'yan kallo suka gani

Tun daga lokacin har zuwa yau ra'ayoyi a kan wannan fim da 'yan'uwansa sun kasu. Kashi na farko su ne talakawan da suka cika gidajen silima. A ganinsu mutum ya yi aiki mako guda, ya zo ya yi dariya ya manta da wahala, babu wanda aka cuta. Kashi na biyu su ne masu sharhin fina-finai, waɗanda yawancinsu suka raina salon, suka ɗauke shi aikin arha da ke zubar da mutuncin ƙasa a idon duniya. Kashi na uku sun zo daga baya, masana tarihi da zamantakewa, waɗanda suka ce fina-finan nan madubi ne: sun nuna namijin da aka danne, mai faɗin tsarki da baki yana ƙuna da sha'awa a ciki. Kashi na huɗu su ne masu kallo na zamanin nan da ke jin kunyar abin da kakanninsu suka yi wa dariya, musamman yadda aka mai da mace abin farauta, aka kuma mai da wani rukunin mutane abin ba'a.

Kowane kashi ya riƙe wani yanki na gaskiya. Amma idan mai bi ya duba da kyau zai ga kowannensu yana amsa wata tambaya dabam. Na farko yana tambayar ko abin ya ba da nishaɗi. Na biyu yana tambayar ko an yi shi da gwaninta. Na uku yana tambayar me ya fallasa game da al'umma. Na huɗu ne kaɗai ya kusanci tambayar da ta shafi nagarta da mugunta, shi ma ma'auninsa yana sauyawa da zamani. Tambayar da Kirista ba zai iya tsallakewa ba ita ce: me wannan dariya take yi wa zuciyar mai yin ta, kuma a kan wa ake yin ta?

Yawan jama'a shaida ne, amma shaidar me?

Kada mu yi saurin raina mutum miliyan 4. Yawancinsu ma'aikata ne da manoma da masu shago, iyaye masu riƙon gida, da yawa cikinsu ranar Lahadi suna cikin sujada. Lokacin da taro irin wannan ya so abu, akwai dalili, mai hikima kuma yakan nemi dalilin. Lissafin tikiti ya tabbatar da cewa fim ɗin ya taɓa wani abu da ke cikin zukatan jama'a. Iyakar abin da ya tabbatar ke nan. Idan annoba ta shiga gari, yawan waɗanda suka kamu yana nuna ƙarfin cutar, ba ya mai da ita lafiya.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa ba taro matsayin alƙali a kan nagarta ba. Shari'ar Musa ta gargaɗi mutum kada ya bi rinjaye zuwa aikata mugunta (Fitowa 23:2). A gaban Sarki Ahab annabawa wajen ɗari huɗu sun yi baki ɗaya, Mikaiya shi kaɗai ya faɗi gaskiya, kuma maganarsa ce ta cika (1 Sarakuna 22). A gaban Bilatus taro ne ya zaɓi Barabbas. Wannan ba ya nufin jama'a kullum a ɓace suke, gama akwai kyawawan abubuwa da duniya duka take so. Abin da yake nufi shi ne, ƙidayar kawuna ba ta yanke shari'ar lamiri ta kowane gefe. Ranar da kowa zai ba da lissafin kansa ga Allah (Romawa 14:12), ba za a kira mu layi-layi bisa ga gidan silimar da muka zauna ba.

Tarihin fim ɗin nan ma ya nuna yadda hukuncin taro yake da rauni. Abin da ya cika gidajen kallo a 1970 shi ne jikokin masu kallon suke kau da kai daga gare shi. Alfredo Landa kansa, wanda masu sharhi suka daɗe suna rainawa, ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Cannes a 1984 saboda rawar da ya taka a *Los santos inocentes*, labari mai nauyi a kan zaluncin da masu gonaki ke yi wa bayinsu talakawa. Baiwar tana nan tun farko, kasuwa ce ta yi shekaru tana neman abu mai arha daga gare shi. Ashe 'yan kallo ba masu karɓa kawai ba ne. Kuɗin tikitinsu umarni ne ga masu shirya fim, su sake yin irinsa. Wanda ya biya ya sa hannu cikin abin da za a haifa gobe.

"Wasa ne kawai"

Ƙafa ta biyu ta hujjar ta fi wuyar karyawa, domin akwai gaskiya a cikinta. Allah ne ya halicci dariya. Saratu ta yi dariya, sunan ɗanta Ishaku ma daga dariya yake (Farawa 21). Littafin Karin Magana ya kwatanta farin cikin zuciya da magani (17:22). Haka kuma Allah ne ya halicci sha'awa tsakanin miji da mata, ya kuwa ajiye littafi guda cikin Maganarsa, wato Waƙar Sulemanu, domin girmama ta. Zaman aure cike yake da abubuwan ban dariya, gidan da miji da mata ba su iya yi wa juna raha kuwa gida ne mai sanyi. Saboda haka laifin fim irin wannan ba ya cikin cewa ya ba da dariya, ko cewa ya taɓo zancen maza da mata.

Matsalar tana cikin abin da dariya take buƙata kafin ta fito. Ba ka iya yi wa barkwanci dariya sai ka yarda, ko na ɗan lokaci, da yadda mai barkwancin yake kallon duniya. Domin labarin mai ɗinkin nan ya ba ka dariya, dole ka tsaya a gefensa, ka ji daɗin yadda ya yaudari mazan gari, ka ɗauki matan a matsayin ganima, ka manta cewa kowace yaudara tana da wanda zai kwana da hawaye. Da wani ya tsaya a gabanka ya ce maka cin amanar aure wayo ne, da ka yi masa musu. Amma da ya sa ka yi dariya, ka amince ba tare da an tambaye ka ba. Wa'azin ƙarya yana buga ƙofa, barkwanci kuwa ta taga yake shiga. Wannan ne ya sa Bulus, a Afisawa 5:3-4, ya jera maganar banza da barkwancin batsa kusa da fasikanci da kwaɗayi, a Romawa 1:32 kuma ya ɗora laifi har a kan masu goyon bayan abin da wasu ke aikatawa. Karin Magana 26:18-19 ya kwatanta wanda ya yaudari maƙwabcinsa ya fake da wasa da mahaukaci mai harba kibau masu wuta. Kibiyar ba ta san cewa wasa ake yi ba.

Sai kuma tambayar wanda ake yi wa dariyar. A shekarar da fim ɗin ya fito, wato 1970, gwamnatin Faranko ta kafa wata doka da ta ba hukuma ikon tsare mutanen da ta kira masu haɗari ga al'umma, har da maza masu neman maza. Ke nan a lokacin da taro yake ƙyaƙyata wa mai kwaikwayon irin waɗannan mutane dariya, na ainihi suna shiga kurkuku. Koyarwar ikilisiya a kan aure da tsarkin jiki a fili take, ba ma ja da baya a kanta. Amma wannan koyarwa ba ta ba kowa izinin mai da ɗan Adam abin wulaƙanci ba, gama Yaƙub ya tsawata wa harshen da ke yabon Allah yana kuma zagin mutanen da aka yi cikin kamanninsa (Yaƙub 3:9). Ubangijinmu ya kira zunubi da sunansa, amma ba mu taɓa karanta inda ya tara jama'a su yi wa mai zunubi ba'a ba.

Masu kare fina-finan suna da wata hujja kuma. Suna cewa yawancinsu suna ƙarewa da darasi: gogan naka ya sha kunya, ya koma wurin matarsa ko budurwarsa, aure ya yi nasara. Gaskiya ne haka aka saba ƙare su, domin haka hukumar tacewa take so. Amma 'yan mintocin tuba a ƙarshe ba su share sa'a guda da aka yi ana ciyar da ido ba. Yesu ya kai dokar zina har cikin kallo da zuciya (Matiyu 5:28). Faɗuwar Dauda ta fara ne daga abin da ya tsaya yana kallo a kan soro (2 Sama'ila 11). Wanda ya zuba guba a miya bai kuɓuta ba don ya kawo ruwan wanke hannu bayan an gama ci.

Me ya sa hani kaɗai bai isa ba

Da za mu tsaya nan, da sai mai karatu ya ce maganin a bayyane yake: a hana. A nan ne labarin Sifaniya ya zama gargaɗi ga mu masu bi, domin ƙasashe kaɗan ne suka gwada hani kamar yadda ta gwada. Ban da hukumar gwamnati, tun daga 1950 Ikilisiyar Katolika ta ƙasar tana da nata ofishin auna fina-finai, mai ba da lamba daga 1, wanda yara ma za su iya kallo, zuwa 4, mai haɗari ƙwarai, ana kuma liƙa jerin a ƙofofin majami'u. Sanannen abu ne cewa matasa da yawa sukan duba jerin domin su san fim ɗin da za su nema. Lokacin da aka kawo fim ɗin Amurka mai suna *Mogambo*, na 1953, masu tacewa sun sauya maganganun wajen ɗora muryar Sifaniyanci, suka mai da miji da mata wa da ƙanwa domin a ɓoye zinar da ke cikin labarin. Sai abin ya koma ya fi muni a idon 'yan kallo. A 1973 dubban 'yan Sifaniya sun riƙa tsallaka iyaka zuwa garin Perpignan na Faransa domin kallon fina-finan da aka hana a gida, har aka yi wani fim na barkwanci a kan wannan tururuwa.

Da Faranko ya rasu, aka soke dokar tace fina-finai a 1977, sai fina-finan tsiraici suka mamaye kasuwa. Su kansu 'yan ƙasar sun kira zamanin *destape*, wato ɗage murfi. Sunan ya dace. Murfi yana rufe tukunya, amma ba ya kashe wutar da ke ƙarƙashinta. A 1978 aka cire zina daga jerin laifuffuka, a 1981 aka halatta sakin aure, daga 2009 kuma auren da ake ɗaurawa a gaban hukuma ya fi wanda ake ɗaurawa a majami'a yawa. Ba fina-finai ne suka haddasa duk wannan ba, dalilan suna da yawa. Amma saurin rushewar ya nuna cewa shekara kusan arba'in na tsaron ƙofa ba su gina abin da ake zato a cikin zukata ba.

Bulus ya riga ya bayyana wannan. A Romawa 7:7-8 ya ɗauki dokar hana ƙyashi, ita wannan da sunan fim ɗin ya yi wasa da ita, ya nuna yadda zunubi yake samun kafa ta wurin doka ya ƙara hura sha'awa. Dokar mai tsarki ce, amma ba ta da ikon sāke zuciya. A Kolosiyawa 2:20-23 ya ce ƙa'idodin hana taɓawa da hana ɗanɗanawa suna da kamannin hikima, amma ba su da ƙarfin danne sha'awar jiki. Iyaka tana da amfaninta, musamman ga yara, kamar yadda shinge yake kare shuka mai tasowa. Sai dai shinge ba ya ba da ruwa, ba ya kuma sa saiwa ta kama ƙasa.

Abin da ya rage ga iyalin Kirista

Yau babu mai bukatar tsallaka iyakar ƙasa. Fina-finan barkwanci irin wannan, na Sifaniya da na ko'ina, suna isa ɗakin kwanan yaro ta wayar hannu, tare da yabon dubban mutanen da suka kalla. Idan taro ba alƙali ba ne, hani kuma bai isa ba, abin da ya rage shi ne lamirin da aka horar, irin wanda Ibraniyawa 5:14 ya ce yana koyon rarrabe nagarta da mugunta ta wurin yawan aiki da shi. Wannan horo a gida ake yin sa.

Yana farawa da iyaye su kula da abin da su kansu suke yi wa dariya, gama yaro yana koyon abin da yake da tsarki ta wurin ganin abin da mahaifinsa ya ƙi yin wasa da shi. Uban da ke hana 'ya'yansa kallon batsa amma yana ba abokansa labaran batsa a ƙofar gida ya riga ya rushe da baki abin da ya gina da doka. Sai kuma iyaye su riƙa zama su kalli wasu abubuwa tare da 'ya'yansu matasa, su yi tambayoyi maimakon tsawa kaɗai: Wa aka yaudara a labarin nan? Da mahaifiyarka ce ko ƙanwarka, da za ka yi dariya? Me labarin yake so ka yarda da shi game da aure? Yaron da ya saba amsa irin waɗannan tambayoyi zai riƙa yi wa kansa su ranar da babu kowa a kusa. Ya kamata kuma zancen jiki da sha'awa da aure ya fito daga bakin iyaye da malaman ikilisiya cikin mutunci da gaskiya, domin inda gida ya yi shiru kasuwa ce take koyarwa. A ƙarshe, gidan mai bi ya zama wurin da ake dariya da yawa, dariya mai tsabta wadda ba ta bar kowa da rauni ba. Wanda ya ƙoshi a gida ba ya kwaɗayin abincin juji.

'Yan'uwa, ma'aunin da aka ba mu a Filibiyawa 4:8 bai tambayi mutum nawa ne suka yaba wa abu ba. Ya tambayi ko gaskiya ne, ko mai tsarki ne, ko ya cancanci girmamawa. Wani lokaci riƙe wannan ma'auni zai sa ka zama kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba a cikin ɗaki, ko ka tashi ka fita ana yi maka kallon baƙauye. Farashi ne ƙarami in an gwada shi da zuciyar da har yanzu take jin zafin abin da ke ɓata wa Ubangijinta rai. Allah ya ba mu alheri mu yi farin ciki da abin da yake faranta masa, mu kuma koya wa 'ya'yanmu haka. Amin.